Giɓin Bayan Lambu

Ranar da Irmtraud Kessel ta dawo daga asibitin birni, inda aka kwantar da ita ana duba gwiwarta, ko jaka ba ta kwance ba ta ɗauki butar ban ruwa da sandarta, ta ratsa lambun bayan gida kamar yadda ta saba. Sai ta tarar hanya ta ɓace. Inda giɓin katanga yake, yanzu bulo ne sabo fil, an jera shi har sama, an shafe shi da fenti ruwan toka don ya saje da tsohon siminti. Ta ajiye butar. Ta kai sanda ta ƙwanƙwasa, wai ko idonta ne ya fara yi mata wasa. Bulo ne.

Duk wanda ya zauna a Wendelrode ya san giɓin nan. Katangar da ta raba Jamus gida biyu ta bi ta tsakiyar ƙauyenmu, ta jefa coci da makabarta a Yamma, ta bar makaranta da gidan su Irmtraud a Gabas. Da mulkin Gabas ya rushe aka kawo manyan motoci aka kwashe ta, sai wani yanki da aka bari a bayan lambunta, wai don tarihi. A jikin yankin nan giɓin yake. Ita da mijinta Eckhard suka fasa shi da guduma, tun hukuma na can tana shawarar inda za ta buɗe hanya. Ta nan take bi kowace safiya zuwa kabarin mahaifiyarta, kuma daga bazarar bana har da na Eckhard, don ta nan aka fitar da akwatinsa. In ba ta giɓin ba, sai an sauka gangara, an haye gada, an sake hawo tudun coci. Gwiwar Irmtraud ta yi sallama da wannan aikin tuntuni.

Ba ta je neman kowa ba. Kafin la'asar magajin gari ya kawo kansa, da kek a faranti an rufa masa takarda. Silvio sunansa, yaron da katanga ta faɗi yana cikin gajeren wando, yanzu ya yi tumbi ya iya jawabi.

"Gwaggo Irmi, ya ƙarfin jiki? Ya gwiwar?"

"Gwiwar ka zo gaisarwa, ko ɓarnarka ka zo dubawa?"

"Haba, Gwaggo. Ba ni kaɗai ba ne, kwamiti ne. Bana shekara talatin da biyar da faɗuwar katanga. Baƙi za su zo daga ko'ina, har da 'yan talabijin. Mutanen ofishin adana tarihi suka ce giɓin yana ɓata abin. Ana so mutum in ya tsaya a gabanta ya ji yadda kuka ji a da."

"Yadda muka ji."

"Ƙwarai. Yaran yanzu ba su san komai ba."

"Kai ka sani?"

Silvio ya gyara riƙon farantin. Ya ce ai an aiko mata da takarda. Ta ce takardar ta iso tana kwance a gadon asibiti, kuma shi ya san haka, tunda matarsa ce ta kai ta tasha. Ya ce in don makabarta ce, motar coci za ta iya ɗaukarta duk ranar Lahadi.

"Duk ranar Lahadi," in ji ta. "Su ma na da ai haka suke cewa. Cike takarda, jira, za a duba. Uwata ce da mijina a can, Silvio. Sai yau kuma zan koma neman izinin ganinsu?"

"Ki yi haƙuri. Bayan biki za a zauna a duba."

"Ɗauki kek ɗinka."

Ya bar shi a kan dakalin ƙofa. Har ya kai bakin titi yana jin ƙarar farantin a cikin kwandon shara.

Mutanen gari sun ce tsohuwa ta cika zafi. To, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Irmtraud na 'yar shekara huɗu mahaifiyarta ta haye rafi zuwa ɓangaren coci don jinyar kakarta, ta ce za ta dawo ran Asabar. Kafin Asabar aka ja waya mai ƙaya ta raba garin. Daga baya waya ta zama katako, katako ya zama siminti. Yarinya ta girma, ta yi aure, ta haihu, uwarta na can a gidan da ake hango hayaƙinsa, amma ko ɗaga hannu laifi ne. Da uwar ta rasu, Irmtraud ta nemi izinin zuwa jana'iza, aka ce ba a amince ba, babu dalili. Sai ta hau ɗakin saman rufi ta buɗe 'yar taga, wadda ta nan ake hango kusurwar makabarta. Ta ga baƙaƙen riguna, ta ga an fara sauke akwati. Ba ta ga ƙarshe ba. Sojan da ke kan hasumiya ya hango ta, aka turo mutum biyu da katako da ƙusoshi, suka hau suka janye ta, suka toshe tagar tana tsaye. Wanda ya riƙe hama a ranar wani saurayi ne mai ƙuraje a fuska, Detlef. Bayan katanga ta faɗi ya auri 'yar garin ya zauna, ya koma sana'ar gini. Yau shi ke zagayawa da baƙi, da tsohuwar hularsa ta soja a ka, yana nuna musu inda kaza ya faru. Kuma shi kwamiti ya ba aikin toshe giɓin. Wai a ce wannan ba cin fuska ba ne.

Sau ɗaya ta gwada doguwar hanya. Ta sauka gangarar da ƙyar, ta kai gada, gwiwa ta ce atafau. Ta zauna a kan dutsen gadar da buta a gefenta, tana kallon tudun coci, har mai kawo wasiƙu ya mayar da ita gida a motarsa. A makon ne sanyi ya sauko da gaske. Kowa a garin ya rufe kaburburan 'yan uwansa da rassan itace kafin ƙasa ta daskare, kamar yadda ake yi kowace shekara, ban da ita. Rassan da ta yanka suna nan jibge a gindin sabon bulo. Maƙwabciyarta ta ce ta kawo ta kai mata. Irmtraud ta ce a'a. Ba a yi mata aiken uwa da miji.

Ranar biki gari ya cika ya batse. Motoci har cikin gonakin mutane, masu gasa nama sun turnuƙe filin da hayaƙi, 'yan makaranta da tutoci. An kafa dandamali a gindin katangar ta ɓangaren Gabas, dab da shingen lambun Irmtraud. An jera wata katangar wasa ta kwalaye, wadda yara za su ture in an gama jawabi. Silvio ya hau ya fara magana kan 'yanci, muryarsa na rawa daidai inda ya shirya ta yi rawa.

A lokacin Irmtraud na cikin rumfar kayan aikin Eckhard. Gudumar na nan inda ya rataye ta, ƙotarta ta yi santsi da gumin hannunsa. Ta sauke ta, ta ji ta fi da nauyi. Ta ɗora ta a baro tare da butar, ta tura, ta bar sanda a jingine. Tura ta kai bango.

Bugun farko bai yi komai ba, sai fenti da ya ɗan ɓare. Na biyu ya girgiza mata kafaɗa har cikin haƙori. A na uku ne na bayan taro suka fara juyowa. Silvio ya yi shiru a tsakiyar jimla. Wani ɗan sanda ya taso, amma mai ɗaukar hoton talabijin ya riga shi, ya durƙusa a gabanta da na'urarsa.

Sai wani ya fara tafi.

Wallahi tafi suka yi. Sun ɗauka cikin shirin ne, an samo tsohuwa 'yar gari ta nuna yadda aka yi a da. Wata baƙuwa mai jan gyale tana share hawaye tana cewa, "Dubi fuskarta, kamar gaske." Irmtraud ta ji wannan, ta ɗaga gudumar ta kai duka da duk abin da ya rage a jikinta. Bulo ɗaya ya tsage.

Detlef ya matso kusa da ita, hular tana hannunsa yanzu. Ya yi ƙasa da murya.

"Uwargida Kessel, ki buga ta hagu. Layi na uku daga ƙasa. Ban cika masa siminti ba."

Ko kallonsa ba ta yi ba.

"Ranar da ka toshe tagata ma ka bar ƙusa ɗaya sako-sako?"

Ya sunkuyar da kai yana murza hular.

"To matsa. Ban tambaye ka ba."

Ta ci gaba da dukan inda ta tsaga, ta dama, inda simintin ya fi ƙarfi. Numfashinta ya fara sarƙewa. Da bulon ya faɗa ciki haske ya ɓullo, sai samarin baƙi suka yi caa. Wannan ya sa ƙafa, wancan ya sa kafaɗa, wani ya ciro ƙarfen shinge. Kafin ka ce kwabo giɓi ya dawo. Mutane suka hau wawason ɓaraguzai suna cusawa a aljihu, kowa zai kai gida ya ce ga yankin katangar tarihi, alhali watan jiya aka buga bulon a masana'antar da ke bayan tasha. Yaran da aka shirya su ture kwalaye suna tsaye da tutocinsu, babu mai kallonsu.

Irmtraud ta jingina da baro tana haki. Silvio ya ratso taro ya iso, fuskarsa ta yi ja, amma ba don fushi ba. Murna yake. Ya kama hannunta biyu a gaban na'urar, ya ɗaga sama, aka sake ɓarkewa da tafi. Kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi.

"Gwaggo Irmi, kin fitar da mu kunya," ya raɗa mata. "Kin ga mutumin talabijin? Ya ce duk ƙasar nan babu inda aka yi irin wannan. Na riga na yi magana da 'yan kwamiti. Kowace shekara za mu riƙa yi. Wata guda kafin biki mu rufe, ranar biki ki fito ki fasa. Gudumar ma sai a ajiye ta a gidan tarihi cikin gilashi, da sunanki a jiki, a riƙa fito miki da ita."

Ta zare hannunta. Ta daɗe tana kallonsa, irin kallon da ake yi wa abin da kare ya ajiye a bakin ƙofa.

"Wata guda," ta ce.

"Bai fi haka ba. Kuma ga motar coci."

"Silvio, na yi shekara talatin da bakwai a bayan wannan abin. Ban yi don in ba ku sha'awa ba."

"Ai shi ya sa ke kika dace, Gwaggo."

Ta mayar da gudumar cikin baro, ta ɗora rassan a kai. Tafin hannunta ya kwaile yana jini, ba ta kula ba.

"Ka san faɗin giɓin nan don me? Eckhard ya ce a tsaya iya inda mutum zai wuce. Na ce a'a, sai inda akwati zai wuce da masu ɗaukarsa. Nasa ya wuce. Akwai fili a gefensa, da sunana a kan dutsen, rana kawai ya rage a rubuta. In kun tashi rufewa baɗi, ku fara leƙawa ku ga ta wane ɓangare nake."

"Haba, Gwaggo, daina irin wannan magana."

"In ina can, ku rufe abinku, ku nemi wata mahaukaciyar. In ina nan, guduma na wurina, kuma ba ranar biki zan jira ba."

Ta tura baron ta kan ɓaraguzai. Ƙafar baron ta maƙale, wani baƙo ya miƙo hannu zai taimaka, ta ture hannun. Mai na'ura ya bi ta har bakin makabarta, ta juyo ta kalle shi, ya tsaya nan.

Ciki shiru, sai ƙarar kiɗan da aka saki a bayan katanga. Duk kaburbura a rufe da korayen rassa, ban da guda biyu a kusurwa. Furannin da ta dasa wa Eckhard sanyi ya ƙone su, sun yi baƙi sun kwanta. Ruwan da ya rage a tulun furen mahaifiyarta ya daskare har ya fasa tulun. Ta dafa dutsen ta durƙusa a hankali, gwiwa ɗaya sannan ɗayar, ba tare da ta san yadda za ta tashi ba. Ta fara tsince matattun furannin, tana jera rassan ɗaya kan ɗaya, ta fara da na uwar.

"Mama," ta ce, "na sake makara."