Waƙar Noman Barmo

Lantana na tsaka da dama kunu ta ji mota ta tsaya ƙofar gidan maƙwabcinta, Barmo mai gangar noma. Ta leƙa ta saman danga, ta ga wani saurayi da taguwa irin ta ma'aikatan buro, wato ofishin gwamnati, ya sauko rungume da baƙin akwati. Ta ɗauki ƙwaryar ta bi bayansa, don tun da matar Barmo ta rasu, 'ya'yansa suka yi kudu ba su komo ba, ita ke kai masa abin sawa a baki.

Saurayin ya durƙusa bakin tabarma. "Baba, sunana Dalhatu, daga gidan rediyo na Yamai. Tunda ƙasa ta samu mulkin kai, an ce mu bi garuruwa mu ɗauki waƙoƙin mutanenmu a adana. Tun daga Agiye sunanka ake kira mani."

Barmo ya yunƙura ya jingina da bango. Tari ya cinye shi tun kaka, har ƙashin ƙirjinsa ya fito ta wuyan riga.

"Ina kuke sanda nike da murya?" in ji shi, yana murmushi. "Lantana, sauko mani da ita."

"Ka bari ka sha kunu tukuna."

"Sauko da ita dai."

Ta sauko da gangar daga maratayi, ta share ta da bakin zane. Dalhatu ya buɗe akwatin, zaren ɗaukar murya ya fara juyawa. Hannun Barmo bai manta ba, bugun farko sai da ya tada kajin tsakar gida. Amma da ya buɗe baki, muryar ta tsage tun kafin ya kai ƙarshen baiti, tari ya turnuƙe shi. Lantana ta ga jini a hannun rigarsa, ta gitta tsakaninsa da baƙon har Barmo ya naɗe wurin.

Barmo ya ce a sa masa ya ji. Ya saurara, kansa a sunkuye.

"Wannan ba ni ba ne," ya ce. "Shafe shi, yaro. Kada jikokin mutane su ji wannan su ce shi ne Barmo. Ka dawo in damina ta faɗi."

Dalhatu ya shafe, ya yi alkawari.

Daga ranar Barmo ya shiga jinyar maƙogwaronsa da gaske. Ya sa Lantana nemo zuma da citta, ya riƙa shanye kunun da a da yake turewa. In ta shigo sai ya hau ba ta labarin gayyar garin Sae Sabuwa, inda ya buga wa manoma suka gama gonar kawunsa rana ba ta take ba. Wani lokaci ya tsaya ya kasa kunne.

"Ba mota ba ce waccan?"

"Ta masu gyaɗa ce."

Ranar kasuwar Cadawa, da hantsi, ta kai masa kunu ta tarar da shi kishingiɗe, ganga a gefensa, hannunsa a kan fatar. Ta kira sunansa har sau nawa. Sannan ta ajiye ƙwaryar a hankali ta fita kiran maza.

Hatsi ya kai gwiwa sa'ad da Dalhatu ya dawo. Lantana ta gaya masa a bakin danga. Ya yi addu'a, sannan ya ce, "Inna, ba wanda ya riƙe waƙoƙin?"

"Shekara da shekaru ina kai wa 'yan gayya fura, ina jin su."

"To ki yi mana, ko ɗaya ce."

Ta zauna kan turmi, ya ɗora akwatin a gabanta. Ta buɗe baki ta rufe. Sai yanzu ta gane abin da ke kanta.

"Amshi kaɗai na sani," ta ce. "Baitin nashi ne."

"Yi amshin."

Ta rera layin da manoma kan mayar wa Barmo. Sai ta yi shiru daidai tsawon baitinsa, idonta a kan ƙofar ɗakinsa da aka rufe da asabari, zaren na ta juyawa. Da lokacin ya cika, ta sake amsawa.