Shamuwar Gwaggo Taiba

A Faru ba mai fitar da iri sai Gwaggo Taiba ta ce shamuwa ta sauka. Tsamiyar bayan dangarta ce masaukinsu tun zamanin kakanta, kuma kowace shekara ita ke fara ganinsu, ta yafa gyale ta bi gida-gida tana sanarwa, tana haɗawa da labarin wanda ya yi wa wani mi. Sarauta ce babu rawani, amma tata ce.

To, bana sai ga wani injiniya, Zaharadeen, daga Talata Mafara. Wai za a kafa ƙatuwar fanka, iska ta juya ta, gari ya samu wuta. Taiba ta fi kowa murna, don ta gaji da aika wayarta garin Kaya caji, kafin ta dawo tsegumi ya huce. Murna ta koma ciki ranar da ta ga an buga turken aikin taki ashirin daga tsamiya. Fiffiken fanka sai ka ce takobi, shamuwa kuwa ba ta san kaucewa ba, ita ake kauce wa. In suka daina zuwa, wa zai ƙara tambayar Taiba ranar shuka?

Ta sami Zaharadeen, ta gaishe shi har da dangin da bai san yana da su ba, sannan ta faɗi damuwarta. Ya buɗe takarda ya nuna mata: kwana uku ya yi yana ƙirga tsuntsayen wurin, kurciya tara, hankaka biyu, babu shamuwa.

"Yaushe ka yi ƙirgar, ɗan nan?"

"Cikin azumi, Gwaggo."

"Ka je gidan biki saura wata biyu, ka dawo ka ce ba jama'a."

Ya yi dariya, ya ce gobe za a fara haƙa. Ita kuwa ta ga tsamiya ta yi toho, zafi ya kai intaha, ta san kwana kaɗan suka rage shamuwa ta sauka. Allah ya taimake ta, mai haƙan, Ɗantani, taubashinta ne, taubashi kuwa ko mi ya yi maka sai dai ka rama. Washegari digarsa ta ɓace. Ya aro wata, takalmansa suka bi sahu. Rana ta uku ta dama masa fura da nonon garin Damaga, ƙwarya guda, ya wuni yana minshari a gindin turke.

Rana ta huɗu Zaharadeen ya zo da kansa, fuska a ɗaure. Ta shimfiɗa masa tabarma a gindin tsamiya, daidai ƙarƙashin tsofaffin sheƙuna, ita ta ja kujera gefe. Ya ɗaga takardarsa zai sake karanta mata "babu shamuwa", sai wani farin abu ya faɗo, ɓat, a tsakiyar shafin.

Ya ɗaga kai. Bakwai ne a reshe, wasu na tahowa daga fadama, suna ratsawa daidai saman turkensa. Ya daɗe yana kallo. Can ya tambaya a hankali ko akwai tudun da ba sa bi.

"Yanzu ka yi tambaya. Hanyar Damaga, bayan rijiya. Iskar can har zane take kwancewa."

Ya tuge turken da hannunsa. Taiba ba ta tsaya kallo ba, ta riga ta yafa gyale. A ƙofa ta ce da Ɗantani ya duba rumbunta, kamar ta ga wata diga marar mai ita.