Yadda Malam Ya Kamu da Son Tarihi

Duk tsawon shekarun da Malam ya yi yana koyar da lissafi, bai taɓa barin malamin tarihi ya sha shayi cikin kwanciyar hankali a ɗakin malamai ba. Cewa yake tarihi gulma ce da ta tsufa har aka buga ta a littafi. Shi ya sa ranar da ya tsaya gaban wani rusasshen bango a bakin tafki, ya dafe ƙirji yana girgiza kai kamar wanda ya tarar da kabarin kakansa, babbar 'yarsa ta san da lauje cikin naɗi.

Ga yadda aka yi aka kai nan. Tun rasuwar matarsa Malam ke zaune shi kaɗai a gidansa, a wani ƙaramin gari da ke gefen tafkin. Ya ƙona tukunya har gindinta ya huje. Ya daki ƙofar gida da mota, 'yar ta zo ta karɓe makulli. Sai kuma ya zame a banɗaki, ya kwashe safiya guda yana kallon rufi kafin maƙwabci ya ji kiransa. Ita 'yar shugabar ma'aikatan jinya ce a wani asibiti a birni. A gabanta yana ce mata Uwata, don sunan mahaifiyarsa ta ci. A bayan idonta kuwa Kwamanda.

Kwamanda ta gyara masa ɗaki a gidanta: gado mai ƙarfe a gefe don kada ya mirgino, taga ɗaya tana kallon bangon maƙwabta. Ya leƙa sau ɗaya ya ce, "Wannan ai ɗakin jira ne. Me zan jira?"

Gardama ta yi zafi, baki ya riga hankali. Ya ce shi da ake gani, ko gobe zai iya zagaye tafkin nan a keke kamar yadda yake yi yana saurayi.

Ta ce, "Bismillah, Baba. Ka tashi da safe daga ƙofar gidanka, ka dawo kafin rana ta faɗi. Ina binka a mota. In ka dawo a kan kekenka, ba zan sake ta da maganar ba. In ka shiga motata, ka haɗa kaya."

Keken ya girme ta. Baƙi ne, mai nauyin jaki, sirdinsa ya bushe ya zama maƙera. Malam ya zuba wa sarƙa mai, ya ba tayoyi iska, ya soke ƙafar wando cikin safa, ya hau.

Farkon tafiyar sai hamdala. Iska mai sanyi na tasowa daga ruwa, zalɓe na tsaye da ƙafa ɗaya cikin ciyawa, masunta na gyaran koma a kan kifaffun jirage. Shanu na kallonsa, yana kaɗa musu ƙararrawa. Har waƙa ya ɗan yi. A bayansa motar Kwamanda na rarrafe, kamar kura tana bin tsohon rago.

Ba ƙafa ce ta fara cin amanarsa ba. Mazaunai ne. Kafin hantsi ya dubi ludayi sirdin ya gabatar da kansa ga kowane ƙashi. Ya karkata dama, ya karkata hagu, ya miƙe tsaye a kan feda kamar mai leƙen katanga. Yana bukatar ya sauka. Amma in ya sauka haka kawai, ya ba da shaida a kan kansa. Ana cikin haka ya hango allo a gefen hanya, da kibiya tana nuna wani kufai.

Ya matse birki, ya sauka a hankali, ya je gaban bangon ya dafe ƙirji.

Gilashin mota ya sauka. "Baba, gajiya ce?"

"Wace gajiya? Uwata, dubi gini. Dubi aiki."

"Wa ya gina shi?"

"Mutanen da."

"Waɗanne daga ciki?"

"Na can da ɗin. Ke ba ki da daraja abin tarihi ne?"

Ya karanta allon daga sama har ƙasa, ya sake komawa sama. Har gargaɗin hana zubar da shara ya karanta da nutsuwa. Jini ya dawo inda ya gudu. Ya hau ya ci gaba.

Abin nema ya samu. Ashe yankin cike yake da tarihi, shi ne bai taɓa kulawa ba. Ya tsaya a wata tsohuwar rijiya da aka ce wata sarauniya ta jefa zobenta ciki, ya leƙa ya daɗe, ba abin da ya gani sai robar ruwa da fuskarsa. Ya tsaya a kabarin wani jarumi mai tsawon mutum uku, ya yi masa doguwar addu'a, duk da allon bai faɗi addininsa ba. Ya tsaya a dutsen da aka ce wani sarki ya zauna ya yi kuka bayan an ci shi da yaƙi. Malam ya kalli dutsen da fahimta. Shi ma da zai iya zama, da ya yi.

Can gaba, da allunan suka yi wuya, ya tsaya gaban wani tarin ƙasa da itace, ya soma girgiza kai. Wani manomi ya ajiye fartanya ya matso.

"Sannu, baba. Lafiya?"

"Ina duba wannan kufai ne. Na wane zamani ne?"

"Rumbuna ne. Bara ruwa ya kayar da shi."

"To," in ji Malam, "bara ma ai ta wuce."

Kwamanda ba ta yi dariya ba. Wanda ya yi shekaru yana jin majiyyata na rantsuwa sun sha magani alhali yana ƙarƙashin matashi, ba a yi masa irin wannan. Ta fito ta miƙa masa ruwa, ta kama wuyan hannunsa kamar da wasa tana ƙirga bugun jini. Ya fizge.

Ta ce, "Baba, wallahi ka burge ni. Ban san kana son tarihi haka ba. Akwai wata tsohuwar hasumiyar tsaro gaba kaɗan, kuma na yi waya da mai makullin, yana jiranmu. An ce wanda bai hau samanta ba bai ga komai ba."

Malam ya hango ta a kan tudu, doguwa, siririya, ba alamar tausayi a jikinta. In ya ce ba zai hau ba, rijiya da kabari da rumbun manomi duk sun tashi sun ba da shaida. Ya ce, "Da ma ita nake ɗoki."

Mai makullin wani siririn dattijo ne da ya yi kwanaki bai samu mai saurare ba. Ya buɗe ƙofar ƙarfe, ya shige gaba. Matakalar murɗaɗɗiya ce, ƙunci kamar maƙogwaro, tsakiyar kowane dutse ta lotsa saboda ƙafafun matattu. Kwamanda ta biyo baya da takalminta mai tsini, ƙwas, ƙwas, don ta ga ƙarshen wasan da idonta.

A kowace 'yar taga Malam sai ya tsaya ya yi tambaya. Daga ina maharan ke fitowa? Da me ake harbinsu? Shi mai tsaron a ina yake kama ruwa? Mai makulli ya ji kamar ya rungume shi. Ya ce tun da yake aikin nan bai taɓa ganin baƙo mai ilimi irin wannan ba. Malam yana gyaɗa kai, yana satar numfashi ta hanci.

Suka fito sama. Tafkin gaba ɗaya ya shimfiɗu a ƙasansu, da tsibiransa da jiragensa, da hanyar da ta naɗe shi kamar zare. Mai makulli na nuna inda aka yi wane yaƙi. Malam bai ji ko kalma ba. Ya nemo garinsu, ya same shi can ƙetare, ɗan fari-fari kamar zubin gishiri. Ya dubi hanyar da ya baro. Ya dubi wadda ta rage. Ya dubi rana, ta riga ta karkata. Lissafi dai sana'arsa ce, kuma bai taɓa ƙara wa ɗalibi maki don tausayi ba. Ya buga ta kowace fuska, amsa ɗaya take fitowa: gado mai ƙarfe, da taga mai kallon bango.

Ya juya zai sauka, gwiwoyi suka ce su sun tashi daga aiki. Ya taka matakin farko, ƙafar ta yi rawa kamar ta ɗan maraƙin da aka haifa yanzu. Sai ya zauna. Ya sauko da ƙafafu, ya jawo mazaunai, waɗanda da ma sun ga ta kansu tun safe. Mataki ɗaya. Ya sake.

"Haka ma masu tsaron ke sauka in sun yi rauni," in ji mai makulli, don ya rufa masa asiri.

Kwamanda ta raɓa ta wuce gabansa, ta juyo, ta ɗaga waya. Ƙannenta na can suna jiran labari. "Ku gaisa da Baba," ta ce, tana sauka da baya tana ɗaukarsa. "Ga mai zagaye tafki. Baba, ɗaga musu hannu mana. Faɗa musu wa ya gina..."

Tsinin takalmin ya sami lotsattsen dutse. Aka ji ƙara, aka ji salati, aka ji waya na sauka ita kaɗai tana gaisawa da kowane mataki har ƙasa.

Da ya iso inda take, da irin tafiyarsa, ta riga ta cire takalmin. Idon sawun dama ya soma hawa kamar an sa masa yisti. Ta latsa nan, ta latsa can, ta ciji leɓe. "Ya tsage," ta ce, da muryar aiki. Sannan da wata murya da ya rabu da ji tun tana 'yar firamare, ta ce, "Baba, da zafi."

Shi da mai makulli suka sauko da ita, ɗaya na riƙe da kafaɗa, ɗaya na ba da umarni daga zaune. A gindin hasumiya ba kowa sai awaki. Wayar ta mutu, gilashinta ya tsattsage kamar saƙar gizo-gizo. Aka dubi mai makulli, ya ce shi ko keke bai iya ba.

Ta zaro makullin mota daga jaka ta miƙa.

Malam ya kalle shi bai karɓa ba. "Uwata, kin manta sharaɗi? In na shiga motar nan na faɗi. Ga shi saura ƙiris in ƙarasa."

"Baba, ƙafata!"

"Mutum na tsaka da cin nasara..."

"Baba!"

Ya yi dogon numfashi irin na wanda aka zalunta, ya karɓa. Da ya zauna a kujerar direba, laushinta ya ratsa shi har ƙwaƙwalwa. Wani nishi ya taho, ya yi maza ya mayar da shi istigfari. Faɗuwa dai ta zo daidai da zama.

Motar irin mai canja giya da kanta ce. Ƙafarsa ta hagu ta tafi neman kuloci, ta sami birki, Kwamanda ta yi ihu daga kujerar baya. Daga nan ya gane kanta. Ya tuƙa a hankali, hannu biyu a sitiyari, ya bi sauran hanyar tafkin har asibitin garinsu. Sun wuce alluna da dama masu kibiya. Ko ɗaya bai kalla ba.

Aka ɗaure ƙafar da filasta, aka ce kada ta taka, kada ta yi doguwar tafiya, sai bayan makonni. Gida mafi kusa nasa ne. Ya shiga da motar ta ƙofar nan da ya taɓa daka, bai ko shafe ta ba, ya kuma tabbatar ta lura.

Washegari ya kai mata shayi a ɗakinta na yarinta. Tana kwance, ƙafa a kan matashi biyu. Shi kuma a tsaye ya sha nasa, saboda dalilansa.

Ta ce, "Ka dai shiga mota, Baba."

"Na shiga. Tashi ki haɗa min kayan."

Ta kalli filastar. Ta kalli rufi. Can ta ce, "Tsakaninka da Allah, da za ka ƙarasa?"

"Da tuni na dawo na yi wanka."

Ta daɗe tana dubansa, irin duban da take yi wa masu ɓoye magani. Shi ma ya dube ta, irin duban da yake yi wa mai satar amsa. Ba wanda ya ƙifta.

"Za a kafa ƙarfen riƙewa a banɗaki," ta ce. "Da butar lantarki ta dafa ruwa, mai kashe kanta in ya tafasa. Maƙwabci kuma zai riƙe makullin gida ɗaya."

"A kafa. Gida da majiyyaci ai dole a kiyaye. Mutum ya kai shekarunki yana faɗuwa a matakala, bai kamata a bar shi shi kaɗai ba."

Ta jawo bargo ta rufe fuska. Daga ciki ta ce, "Kekenka fa? Yana can gindin hasumiya. A aika a ɗauko?"

Malam ya taɓa aljihu, ya ji makullin motar na nan.

"A bar shi can," ya ce. "Wurin ajiye kayan tarihi ne."