Na Zauna a Gindin Mota

A ranar da aka binne Baba, na ji Gwaggo Noelene tana cewa da matar fasto, "Yarinya da ƙafafunta biyu lafiyayyu ta zauna a inuwa, tsoho ya tafi neman ruwa." Ba ta rage murya ba, don so take in ji. Na juyo na dube ta har ta kawar da kai. Ban yi kuka a gabansu ba, ban kuma ba kowa haƙuri ba. Akwai laifina a mutuwar Baba, amma ba wanda suke faɗi ba ne.

Sunana Marnie Tolhurst. Mahaifina Clarrie ya yi shekara talatin da ɗaya yana zagayen rijiyoyin burtsatse a gonar kiwon da aka haife ni, can arewa da Marree. Ya duba famfo, ya wanke kwamin da shanu ke sha, ya wuce rijiya ta gaba. Zagaye ɗaya kwana biyu ne. Shekarar da na gama karatun ilmin duwatsu a Adelaide idanunsa suka fara yana, har ya taɓa kai wa ƙofar shinge karo da rana tsaka. Manajan gonar, Warrick, ya ce ko a sami mai tuƙa shi ko ya ajiye aiki. Na ce ni zan tuƙa shi. Makiyayan suka yi ta dariya a bakin garejin, ɗayansu ya ce, "Malama, a can jami'a an koya muku canza taya ko sai dai sunan dutsen da ya fasa ta?"

Lasisina na cikin gari ne. Ban taɓa sa mota a rairayi ba.

Baba ya fara koya mini ne tun kafin in taɓa sitiyari. Kowace safiya sai na lissafa masa kaya da baki, shi kuma yana shafa su da hannu: jarkar ruwa biyu, shebur mai dogon ƙota, safaya, famfon iska, tampol, ashana, madubi, da tutar nan ja a kan doguwar sanda don mai tahowa ta bayan tudu ya hango mu. In mun isa rairayi sai in fito in rage iskar tayoyi huɗu, yana tsaye a kaina.

"Ƙara ragewa, Farfesa. Taya sai ta yi tumbi take tafiya a yashi, kamar ubanki."

Dokokinsa manya biyu ne. Ta farko, allo. A jikin bangon garejin akwai baƙin allo, duk mai fita daji sai ya rubuta da alli inda za shi, ta wace hanya, da lokacin dawowa. In lokacin ya wuce, abin da ke allon za a bi a neme ka. Ta biyu kuwa, kullum sai ya maimaita ta: "Kome ya faru, kada ki bar mota. Daga sama ana ganin mota. Mutum kuwa ba a ganinsa."

A mako na bakwai, cikin zafin Janairu, wanda shi ne tsakiyar bazara a ƙasarmu, na rubuta da hannuna: Rijiya ta huɗu, ta biyar, ta shida, ta hanyar shinge, dawowa Laraba da yamma.

Ranar Talata da hantsi muka gama da ta biyar. Na shimfiɗa taswirata a kan bonet, wadda na zo da ita daga jami'a, hoton ƙasar ne da aka ɗauka daga jirgi. Hanyar shinge zagaye take yi, awa huɗu. Amma in aka ratsa ta gefen tafkin gishiri, awa ɗaya da rabi.

"Allo bai ce haka ba," in ji Baba.

"Allo ba ya karanta taswira, Baba. Wata goma sha huɗu ba a yi ruwa ba. Tafkin nan ya bushe kamar siminti."

"Samansa ya bushe."

"Tsoro kake ji?"

Ya yi dariya, ya gyara hularsa. Yana son ya ga ina taurin kai, ya ce gadon uwata ne. "To, Farfesa. Ki bi ta baki-baki dai."

Na bi ta baki-baki har kilomita ashirin. Sai na ga wani lungu da zan iya yankewa, fari fat, shimfiɗe. Ban kai tsakiyarsa ba na ji motar ta yi nauyi. Na taka mai, abin da Baba ya hana ni yi sau ɗari. Ɓawon gishirin ya fashe, tayoyin suka haƙa, baƙin taɓo mai wari ya hau har cikin motar.

Baba ya miƙa hannu zai ɗauki oba-oba. Na riƙe hannunsa.

"Ka ba ni awa ɗaya. In makiyayan nan suka ji, har in mutu ba za su daina yi mini dariya ba."

"Marnie."

"Awa ɗaya, Baba. Don Allah."

Ya sake ta. Wannan shi ne laifina, ba wanda Gwaggo Noelene take faɗi ba.

Babu itace ko ɗaya da za a ɗaura igiyar ƙarfen da ke jan mota, don haka muka yi yadda ake yi: na haƙa rami a busasshen wuri har ƙuguna, muka binne safaya da igiyar ɗaure a jikinta. Na kunna injin ja. Motar ta motsa taku ɗaya ta sake nutsewa. Na sake. Injin motar ya yi tari ya mutu, taɓo ya toshe shi, ni kuwa ban saki maɓallin ba, ina ji kamar saura kaɗan. Baba yana can bakin ramin yana kiran sunana. Da na saki, batir ya ƙare. Na murɗa makulli, ƙas. Na danna oba-oba, ko ƙara babu.

Bai zage ni ba. Ya ce, "Ɗauko tampol."

Muka ɗaura tampol a jikin mota muka kwanta ƙarƙashinsa. Ba a motsi da rana. Ruwa kofi ɗaya in inuwa ta matsa tsawon tafin hannu biyu. Jarka ɗaya ce ta rage, don mun sha rabin ɗayar, mun zuba sauran wajen wanke famfon rijiya ta biyar, muna sa ran cikawa a ta shida. Da la'asar na tono safayar na jawo ta nesa da mota, na tara busasshiyar ciyawa a cikinta. In an ji jirgi, a zuba mai a kunna, baƙin hayaƙinta ana hango shi daga nesa.

Laraba ta wuce. Alhamis da hantsi muka ji ƙugin ƙaramin jirgin saman Warrick can gabas, siriri kamar sauro. Na kunna madubi ina haska sama har hannuna ya gaji. Ban ƙona tayar ba, Baba ya ce ya yi nisa, taya ɗaya gare mu. Jirgin yana bin hanyar shinge ne, yana kai da komowa a kan abin da na rubuta.

Juma'a gari na wayewa na ga Baba yana ɗaure takalmi.

"Ina za ka?"

"Rijiya ta shida. Kilomita goma sha shida ce. Dole sun ajiye mutum a can."

"Kai ka ce kada a bar mota!"

"Na ce kada ki bar mota."

"To ni zan je. Ƙafata ta fi taka, idona ya fi naka."

"Idonki ya fi nawa, shi ya sa za ki zauna. Ni in jirgi ya zo ba zan san ko nan ya dosa ba. Ke kuma in kin hau tudu na uku, duk tuddan kamarsu ɗaya a wurinki. Ni da ƙafa nake ganin ƙasar nan." Ya girgiza jarkar, ta yi ƙarar abin da bai kai kwata ba. "Wannan ba zai kai mutum biyu Lahadi ba. Lissafa, ke ce mai digiri."

Na lissafa. Na riƙe rigarsa duk da haka.

"Ki rantse mini, 'yata. Ko kin ga ban dawo ba."

Na rantse. Ya ɗauki gorarsa ta lita biyu, irin ta ƙyalle mai kauri, ya ce ya cika ta. Ya taɓa hulata da yatsa. "Ki kula da tayar nan, Farfesa." Ina kallonsa yana tafiya a kan gishiri, yana ƙanƙancewa, har ya hau tudun farko.

Abin da ya biyo baya shi mutane suke kira zama a inuwa. Sawunsa yana nan a gabana, ɗaya bayan ɗaya, a fili kamar rubutu. Sau uku ranar Juma'a na miƙe zan bi shi. Sau ɗaya na kai har gindin tudun. Na tsaya, ƙafata ɗaya a kan yashi, na dawo. Harshena ya kumbura. Ƙudaje suna shan gefen idona ban kore su ba. Na daina yin gumi ranar Asabar. Na riƙa lissafa kaya da baki kamar yadda nake yi masa da safe, jarka, shebur, safaya, tuta, don kada hankalina ya tafi. Tafiya ta fi sauƙi. Wanda bai taɓa zama ba, ba zai gane ba.

Asabar da la'asar ƙugin ya zo ta kudu, yana ƙaruwa. Na jira har na ga hasken fiffike. Ashana ta farko ta karye a hannuna, ta biyu ma. Ta uku ta kama. Hayaƙin ya tashi baƙi ƙirin, a miƙe, don babu iska. Jirgin ya karkata.

Da motar Warrick ta iso, kafin in sha ruwa na nuna musu sawun.

Sun sami Baba kilomita uku kafin rijiyar, zaune a gindin wani ɗan itace, hularsa a kan fuska. Bai kauce hanya ba ko taku ɗaya. Warrick ne ya kawo mini gorar. Ya ce, "Marnie, wannan ko rabi bai zuba mata ba. Dubi inda jiƙar ƙyallen ta tsaya." Ruwan da na sha ranar Asabar nasa ne.

Bayan jana'iza Gwaggo ta ce in koma Adelaide, nan ba wurina ba ne. Warrick ma ya ce babu wanda zai ga laifina in na tafi. Na ce masa famfon rijiya ta huɗu yana ɗiga, kuma ni kaɗai na san inda Baba yake ajiye robarsa.

Ranar Litinin na je garejin. Makiyayan suna tsaye, babu mai dariya. Rubutuna na nan a allo, ba wanda ya iya goge shi: ta hanyar shinge, dawowa Laraba da yamma. Na daɗe ina kallonsa. Na goge shi da tafin hannu, na ɗauki alli na rubuta sabo. Sannan na zagaya bayan mota na fara lissafa kaya da ƙarfi, yadda Baba zai ji.