Irin Gyaɗar da Bai Tsiro Ba

Har yau idan na tuna, raina ɓaci yake. Mutanenmu na Kafin Dafga, in ka ba su ƙarya mai jirgin sama da Turawa a ciki, haɗiye ta suke ko ruwa ba sa nema. Kawo musu gaskiya tsirara kuwa, sai su ce ka zautu.

Ƙanena Mu'az malamin gona ne. Shi ya yi ta zarya har aka kawo wa ƙungiyar manoma ingantaccen irin gyaɗa, wanda ake shafe shi da jan magani. Aka raba, aka shuka, ko rabi bai tsiro ba. Kafin a yi noman farko labari ya gama gari: wai Turawa ne suka sayi Mu'az ya kawo irin da zai kashe ƙasa. Har da masu rantsuwar sun gani a waya.

Ni Rabi'atu, ƙuli-ƙuli ne sana'ata. Kwana uku kafin rabon, Halliru mai tsaron sito ya kawo mini buhu biyu in matse mai, ya ce na Alhaji Muntaka ne, shugaban ƙungiya. Na zura hannu, ya fito jawur. Na ce ba zan ciyar da mutane guba ba, ya kwashi kayansa. Ashe shi da Alhajin irin suka kwashe, suka cika buhunan rabon da tsohuwar gyaɗa da suka barbaɗa wa jar ƙasa.

Na faɗa wa mai unguwa. Dariya ya yi.

"Haba Rabi, Alhajin da muke sahun gaba tare? Wannan abu ya fi ƙarfin buhu biyu, daga waje aka ƙulla shi."

Aka yi takardar ƙorafi, aka ɗauke Mu'az daga aikin yankinmu. Ranar tafiyarsa na bi shi tashar Karaye, zuciyata kamar ta fashe don takaici. Wa zan tarar riƙe da jakarsa, yana ba shi haƙuri? Muntaka.

Na ja ƙanena gefe, na ce ya buɗe ido ya dubi wanda ya kashe masa suna.

Ya zare hannunsa daga nawa.

"Yaya, don Allah ki bar maganar nan. Duk garin nan Alhaji kaɗai ya tsaya mini."