Matuƙin Jirgin Fada

A ƙarshen shekarar 1969, da gwamnati ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya bar Gana, Zongon Kumasi ya koma kamar tashar mota. Ko'ina ka duba, ƙunshin kaya ne da tukwane a ƙofar gida. Issaka kafinta, mai rumfa a kasuwar katako ta Anloga, ko tabarma bai naɗe ba. A tsohon zongon Kete Krachi aka haife shi, can aka binne iyayensa. Sai dai garin yana ƙarƙashin ruwa tun da aka datse Kogin Volta, shi kuwa ba shi da ko ƙyallen takarda da zai nuna.

Matarsa Barkisu ce ta kawo labari daga kasuwa. Wata mai sayar da busasshen kifi ta gaya mata Fada Hendirik, Baturen limamin cocin da Issaka ya taɓa yi wa aiki, yana nan da ransa, a wani gidan mishan a unguwar Kwadaso. Issaka ya ajiye kofin koko.

Shekara tara ya yi yana tuƙa jirgin Fada. Ƙaramin jirgin ruwa ne mai inji, da rufin kwano, da benci shida, da tebur mai farin mayafi. Wannan ne cocin gaba ɗaya. Tsakanin Krachi da Yeji suke zirga-zirga, suna tsayawa a ƙauyukan masunta. In sun isa, sai a buga ƙararrawa, Kiristocin wurin su shigo su yi addu'arsu. Bayan an tashi, Fada ya buɗe akwatin magani, sai kowa ya taho, Musulmi da masu tsafi, wannan da gyambo, wancan da kurkunu.

Da zai karɓi aikin, malaman Krachi sun yi ta magana. Mahaifinsa ya ce ya je ya yi tuƙinsa, amma kada ya kuskura ya bar salla. A watan farko Fada ya yi ta yi masa wa'azi, shi ma yana mayar masa da nasa, har muhawarar ta zame musu abin rage tafiya. In azahar ta yi, Fada da kansa yake karɓar sitiyari, Issaka ya hau kan rufi ya yi sallarsa. In azumi ya kama kuwa, sai Fada ya riƙa ɓuya bayan inji yana shan lofensa, wai don kada warin taba ya dami mai azumi.

Washegari da safe Issaka ya hau mota zuwa Kwadaso. Ya tarar da Baturen a kujera ƙarƙashin mangwaro, ya rame, idanunsa sun dushe. Issaka ya yi sallama. Tsohon ya karkata kai, ya saurara, sannan ya ce da Hausarsa irin ta bakin kogi:

"Issaka, kai ne? To, wa ka bar wa jirgi?"

Issaka ya durƙusa ya kama hannunsa, dariya da hawaye suka haɗe masa.

Suka shiga lissafa ƙauyukan ɗaya bayan ɗaya, da tsibirin da dorina ta taɓa bin su, da tsohuwar da kullum take kawo musu doya da manja. Suka tuna ranar da naƙuda ta kama Barkisu a tsakiyar kogi, aka kwantar da ita tsakanin bencina, matan masunta suka karɓi haihuwar Kadijatu, Fada yana waje yana kai da kawo kamar shi ne uban. Duk wuraren nan ruwa ya shanye su. Fada ya ce jirgin ma bai daɗe ba bayan Issaka ya bar aiki. Kututturen wata bishiya da ruwan madatsar ya haɗiye ne ya farke masa ciki kusa da Yeji. Ba wanda ya mutu, amma ba a sake tayar da shi ba.

Sai da aka kira azahar daga wani masallaci na kusa Issaka ya tuna abin da ya kawo shi. Ya faɗa a kunyace. Fada ya sa aka kawo takarda, ya rubuta cewa ya san Issaka, ya san mahaifinsa da mahaifiyarsa, ya san gidan da aka haife shi a Krachi. Da yake miƙa masa ya ce:

"Shekara tara ina fama da kai, ban samu kanka ba."

"Ni ma ban samu naka ba, Fada."

Takardar ta yi aiki. Akawun gwamnatin da ya karanta ta ya ce Issaka ɗan ƙasa ne, ya koma gida abinsa. Maƙwabcinsa Moro bai samu mai yi masa shaida ba. Issaka ya taya shi loda kaya a babbar mota mai zuwa arewa, ya tsaya a bakin titi har ta ɓace.

A watan Janairu na 1970 likita ya ce Fada ya koma ƙasarsu. Issaka ya zaɓi katako mafi kyau a Anloga, ya ƙera masa akwatin tafiya, ya goge shi har yana sheƙi. Shi da Barkisu da Kadijatu suka raka shi tashar jirgin ƙasa. Fada ya shafa kan Kadijatu, wadda aka kusa bikinta, ya ce a aiko masa da hoto.

An ɗauki hoton bikin bayan Babbar Salla, aka aika tare da wasiƙa. Amsa ta zo bayan wata biyu, da rubutun wata ƙanwar Fada. Ta ce ya rasu, amma hoton ya same shi da rai, kuma ya sa an karanta masa wasiƙar har sau uku.