Hannun da Ɓerayen Suka Sani

Mai Fenti bai taɓa ganin ɓerayen 'yarsa ba, amma ya san labarinsu fiye da na wasu danginsa. Kullum da safe shi yake ɗaukar ta a babur ya sauke ta a ƙofar jami'a, sannan ya wuce garejin da yake fentin motoci. Da la'asar ya biyo ya ɗauke ta. A hanya take ba shi labari, tana ɗaga murya saboda iska.

Farare ne, in ji ta, masu jajayen idanu. Rabinsu da hawan jini aka haife su, gado ne tun daga kakanni, sauran kuwa lafiyarsu ƙalau. Aikinta na digiri na biyu shi ne ta riƙa ba su abinci mai ɗauke da mai iri-iri tana auna jininsu. In lokaci ya yi, a ciro babbar jijiyar jininsu a duba kitsen da ke cikin siririn tantanin da ya lulluɓe kowace ƙwayar halitta ta jijiyar.

"Ka ga tiyon injin feshinka, Baba? Sabo yana lanƙwasuwa, tsoho ya sandare. Muna zaton irin kitsen da ke tantanin nan yana da hannu a sandarewar jijiya. Zato ne fa, shi muke son tabbatarwa."

"To shi ɓera me ya dame shi har jininsa ya hau, Uwata? 'Ya'ya yake aurarwa?"

Sunan mahaifiyarsa gare ta, shi ya sa bai taɓa kiran ta da wani suna ba sai Uwata.

Ta ce masa awon ne mai wuya. Ana saka ɓeran a wani ɗan bututu, a ɗumama shi, a ɗaura masa ɗan zobe a wutsiya irin wanda ake ɗaura wa mutum a damtse. Da ya firgita, jinin ya hau, awon ya lalace. Don haka sai da ta yi makonni tana ɗaukar su tana ajiyewa ba tare da ta auna komai ba, har suka saba da hannunta da ƙamshinta. Ko sabulun wanka ba ta canjawa. Ƙanwarta, Auta, ta taɓa fesa mata turare a mayafi don tsokana, ranar sai da uwarsu ta raba su.

A kan babur ɗin ya fara jin abin. Wata la'asar sun tsaya a danja, injin ya mutu da kansa, sai ya ji wani siririn fito a bayan kunnensa, yana fita yana komawa tare da numfashinta. Ya san wannan fiton. Maigidan da ya koya masa fenti da shi ya ƙare rayuwarsa, yana barci a zaune da matasai uku a bayansa, ba ya iya gama jimla sai ya huta.

"Mura kike yi?"

"Ƙura ce kawai, Baba."

Daga ranar ya riƙa kashe injin da gangan duk inda suka tsaya. Ya lura da safe ƙirjinta shiru, da la'asar yana fito. Ranar hutu babu komai. Ya lura da jajayen layuka a bayan hannunta inda farcen ɓera ya bi, suna kumbura kamar an zane ta da tsumagiya. Rannan kuma ya zo da wuri, ya hango ta a bayan tankin ruwa tana fesa wani ɗan shuɗin abu a baki, tana waige-waige.

Ya gaya wa matarsa. Ta ajiye wankin da take yi ta dube shi.

"Malam, kai fa in yaro ya yi atishawa sai ka fara tambayar hanyar asibiti. Da tana ƙarama ba kai ne ka kai ta wurin likita don ta yi shaƙuwa ba?"

"Wannan daban ne."

"To ka tambaye ta mana. Ai ba yarinya ba ce."

Bai tambaye ta ba. Sai ya ɗauko takunkumin da yake sawa in zai yi feshi, mai matattara biyu a gefe, ya wanke shi da sabulu, ya shanya, ya sa masa sababbin matattara, ya miƙa mata ba tare da dogon bayani ba. Ta karɓa da hannu biyu. Kwana biyu ta dawo masa da shi a leda.

"Warin tinar fenti bai fita ba, Baba. Ina shiga ɓerayen suka bi bangon keji suna rawar jiki. Awon jiya duk na zubar."

"Wanda kike sawa fa?"

"Na takarda ne. Yana taimakawa." Ta ƙara da cewa, "Saura ƙiris. Ƙarshen watan gobe za a ciro jijiyoyin, daga nan ni da ɗakin ɓeraye har abada."

Ba a kai ƙarshen wannan watan ba ma. Wata la'asar ta fito tana dafa bango, ta zo gaban babur ta kasa ɗaga ƙafa. Leɓenta ya yi duhu. Ta buɗe baki za ta gaishe shi, kalma ɗaya ta fito, sauran suka maƙale. Bai san yadda ya ɗora ta ba. Ya dai san da hannu ɗaya ya tuƙa, ɗayan yana riƙe da hannayenta a cikinsa, har ƙofar wani ƙaramin asibiti da ke bakin titi.

Aka sa mata abin shaƙa a fuska, tururin magani yana fita ta gefe. Da numfashin ya dawo, likitan ya tambaye ta aikinta. Ta ce ɗaliba ce. Mai Fenti ya ce, "Da ɓeraye take aiki." Ta juyo ta dube shi ta saman abin shaƙar.

Likitan ya ce jikinta ne ya daina jituwa da su, gashinsu da fitsarinsu da ƙurar shimfiɗarsu. Irin wannan ba ya raguwa in ana ci gaba da shiga, ƙaruwa yake yi, kuma ba wanda zai iya cewa na gaba zai tsaya a inda na yau ya tsaya.

A bakin ƙofar asibitin ta riƙe masa hannun riga. "Baba, don Allah kada maganar nan ta je makaranta. Zan ƙara takunkumi, zan rage zama a ciki. Shekara da rabi na zuba a aikin nan."

Bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ita ta ɗauki shirun a matsayin e.

Washegari ya ce ta huta. Ta ce ɓeraye ba su san hutu ba, kuma lokacin awo ba ya canjawa. Ya kai ta, ya ga shigarta, ya tafi gareji. Ya haɗa fenti, ya ɗauki bindigar feshi, ya tsaya a gaban ƙofar wata mota har fentin ya fara kauri a kofi. Sai ya ajiye, ya wanke hannu da kananzir, ya sake riga, ya koma jami'ar.

Abin da ke ransa mai sauƙi ne. A gareji, in ƙirjin mutum ya kama, maigida yakan ce ya bar feshi ya koma goge jikin mota na mako guda, wani ya riƙe masa. Haka ya zaci ake yi a ko'ina. Zai roƙi malamarta ta ba ta mako ɗaya, ko ta haɗa ta da mai taimako. Magana ce ta manya biyu, ba sai yarinyar ta ji ba.

Ofishin Farfesa yana hawa na biyu, ƙarami ne, takardu har kan kujerar baƙi. Mace ce mai furfura a goshi, da tabarau rataye a wuya. Ta kwashe takardun da kanta ta ce ya zauna. Ya ɗora hular kwanonsa a gwiwa.

"Ranki ya daɗe, ni ne mahaifin yarinyar nan mai ɓeraye."

"Ai kuwa ga kama nan. Malam, 'yarka hannu gare ta. Na yi shekaru ban ga ɗalibin da dabbobi suka kwanta wa kamar ita ba."

Wannan ya ba shi ƙarfin gwiwa. Ya faɗi fiton, ya faɗi shuɗin abin, ya faɗi jiya. Yana magana yana ganin murmushin yana barin fuskarta. Ta sa tabarau.

"Asibiti? Jiya?"

"E, amma ta warware. Mako ɗaya kawai nake roƙo."

"Yanzu tana ina?"

"Tana wurin ɓerayen."

Farfesa ta ɗaga waya ta ce a fito da yarinyar daga ɗakin dabbobi yanzu, ko tana tsakiyar awo. Ta ajiye wayar a hankali.

"Malam, ba maganar mako ba ce. Wanda numfashinsa ya taɓa kamawa haka ba ya sake shiga ɗakin dabbobi. Doka ce, kuma ko babu doka ni ba zan bari ba."

"To wani ya ƙarasa mata awon."

"Zai ƙarasa. Amma baƙon hannu ne. Jininsu zai hau don tsoro, ba za mu san na abinci ba ne ko na fargaba, kuma babu lokacin da za su saba da shi. Jijiyoyin za mu ciro, kitsen za mu auna, sai dai babu awon ƙarshe da za a jingina shi da shi. Rabin aikin ya tafi ke nan. Zan nema mata wani aikin da ba dabba a ciki. Ta ƙara shekara, wataƙila fiye."

Ya matso gaba a kujerar. "Ranki ya daɗe, a bar maganar. Ƙila ni ne na zuzuta. Uwarta ma takan ce na cika tsoro. A yi kamar ban zo ba."

"Ka riga ka zo," in ji ta, ba da faɗa ba.

Aka ƙwanƙwasa. 'Yarsa ta shigo da farar riga, takunkumi biyu a saɓule a wuya, idanunta jajaye suna ruwa. Ta fara ganin hular kwanon kafin ta ga fuskarsa. Farfesa ta yi mata bayani a taƙaice. Ba ta yi kuka ba. Ta roƙi a bar ta ta ƙarasa na yau, saura ɓera huɗu. Aka ce a'a. Ta roƙi ta shiga ta nuna wa wanda zai karɓa yadda ake riƙe su. Aka ce ta nuna masa ta gilashi.

Haka Mai Fenti ya ga ɓerayen a karon farko, yana tsaye a bayanta a wani dogon baranda mai warin magani. Ta cikin gilashin ƙofa ana ganin kejuna jere a kan kantoci. Wani ɗalibi dogo ya sa hannu a keji, ɓeran ya zille ya maƙale a lungu.

"Ba ta wutsiya ba," ta ce da ƙarfi, bakinta dab da gilashin. "Ta ƙarƙashin ƙirji. Ka bari ya shinshina ka tukuna. Wancan mai yankakken kunne sai ka rufe masa ido."

Ɗalibin ya kama shi da ƙyar ya tura a bututu. Ko daga nan ana ganin cikin dabbar yana bugawa da sauri. Ta dubi lambar da ta fito a na'ura, ta ɗauke kai.

Ta cire farar rigar ta ninke ta da kyau. Ba ta dube shi ba ta yi magana.

"Baba, da ka san haka za ta kasance, da ka zo?"

Ya tuna ɗazu a ofis, yadda ya nemi janye maganarsa. Ya so ya ce mata bai sani ba, don gaskiya ne bai sani ba. Amma tana tsaye kusa da shi, kuma ko a nan waje, da ƙofa a rufe, yana jin fiton.

"Da na zo, Uwata."

Ta gyaɗa kai. "Ka koma wurin aiki. Zan hawo mota."

Tun daga ranar motar haya take hawa. Ba ta yi masa rashin kunya ba ko sau ɗaya. Da safe ta durƙusa ta gaishe shi, da yamma ta yi masa sannu da zuwa, ta kawo masa ruwa. In ya tambayi makaranta ta ce, "Lafiya lau." A wurin uwarta ya ji cewa an ciro jijiyoyin, an ba ta wani aiki a ɗakin gwaji na sama, kuma 'yan ajinsu za su gama su bar ta. Matar ba ta ce ya yi daidai ba, ba ta ce ya yi kuskure ba. Ta dai daina tsokanar sa da maganar tsoro.

Wata ranar hutu da hantsi ya dawo daga sayen fenti, ya jingina babur a tsakar gida. Daga ɗakin 'yan matan ya jiyo Auta tana kwaikwayon wata malamarsu, yayar tana dariya. Dariya ce doguwa, har da buga katifa, ta ɗauke ta sake dawowa, ba tari a ƙarshenta. Ya san in ya yi sallama za ta tsaya, ta fito ta durƙusa ta ce sannu da zuwa.

Ya sauke galan ɗin fentin a hankali don kada ya yi ƙara. Ya zauna a kan bokitin da aka kife a gindin bango, rana tana dukan ƙafafunsa, bai yi sallama ba.